Barikin Bowie: Da Igwa Aka Karɓe Ruwan, Da Alƙawari Aka Karɓe Ƙasar

Duk saurayin da ya taɓa biyan kuɗi ya shiga silima, ko ya tsuguna a ɗakin kallon bidiyo na unguwa, ya san yadda fim ɗin kaboyi yake ƙarewa. Waɗanda ake kira Indiyawan daji sun yi wa ayarin Turawa zobe suna ihu, harsashi ya kusa ƙarewa, mata na kuka, can sai a ji an busa begila, sojan doki masu shuɗin kaya su ɓullo daga bariki a sukwane, 'yan kallo kuwa su ɓarke da tafi da fito. Abin da fim ɗin ba ya gaya wa mai tafi shi ne a ƙasar wa aka gina wannan bariki, me ya sa aka gina shi a wurin, kuma ina aka kai mutanen da aka kora bayan an kunna fitilu kowa ya watse. Alhali kuwa waɗannan barikoki ba ƙage ba ne, an yi su, kuma Amurkawa da kansu sun rubuta tarihinsu. Guda ɗaya ya isa misali: Barikin Bowie, a kudu maso gabashin jihar Arizona ta yau, kusa da iyakar Meksiko, wanda ya yi shekara 32 yana aiki, daga 1862 zuwa 1894.

Mutanen da ake kira Apaci ba ƙabila ɗaya ba ce mai sarki ɗaya. Rassa ne daban-daban masu harshe kusan iri ɗaya, kowane reshe da duwatsunsa da shugabanninsa, wasu ma ba sa ga maciji da juna. Reshen da wannan bariki ya shafa shi ne Cirikawa. A cikin ƙasarsu akwai wani mashigi tsakanin manyan duwatsu biyu, a cikin mashigin kuwa akwai idon ruwa wanda ba ya ƙafewa, a yankin da mutum kan yi tafiyar yini cur bai ga abin jiƙa maƙoshi ba. Duk mai son ratsawa daga gabas zuwa Kalifoniya ta hanyar kudu, tilas ya sha a nan. Kafin zuwan Amurkawa, Apaci sun daɗe suna ɗauki ba daɗi da Sifaniyawa, daga baya da Meksikawa, har ta kai jihar Sonora a 1835, da jihar Ciwawa a 1837, suka sanya lada a kan fatar kan Apaci, peso 100 ga na namiji, na mace da na yaro ƙasa da haka. Sai ga shi a 1853 Amurka ta sayi wannan yanki daga hannun Meksiko a kan dala miliyan 10. Mai sayarwa bai taɓa mallakar duwatsun ba, mai saye bai tambayi mazaunansu ba, amma aka sa hannu a takarda, ciniki ya faɗa.

Duk da haka, da farko babu yaƙi a mashigin. Shugaban Cirikawa na wurin, Kocis, ya bar kamfanin kai wasiƙu ya gina tasha kusa da ruwan a 1858, kekunan doki na wucewa lafiya. Abin ya lalace ne a cikin tanti.

A watan Janairu na 1861 wasu mahara suka faɗa gonar wani Bature mai suna John Ward, suka kore shanu, suka ɗauke agolansa, yaro ɗan kimanin shekara 12. Aka tura wani ƙaramin hafsa, Laftanar George Bascom, wanda bai wuce shekara 25 ba, da soja 54, ya nemo yaron. Da ya iso mashigin a farkon Fabrairu sai ya aika wa Kocis ya zo a yi magana. Kocis ya zo da matarsa da 'ya'yansa ƙanana da ɗan'uwansa da wasu samari na gidansu, kuma mai karatu ya sani babu wanda ke ɗaukar iyali ya tafi wurin da yake tsammanin faɗa. Ya ce ba mutanensa suka ɗauki yaron ba, amma a ba shi kwanaki zai bincika ya karɓo shi. Bascom ya ce babu mai fita daga nan sai an kawo yaro. Nan take Kocis ya zare wuƙa ya tsarge tantin ya fice, ana harbinsa, ya haye dutse. Iyalinsa suka rage a hannun soja.

Gaskiya ba ta da ɓangare, don haka dole a faɗi abin da ya biyo baya yadda yake. Kocis ya kama Turawa huɗu don a yi musaya, ya kuma tare wani ayarin kaya ya yi wa Meksikawan da ke ciki mugun kisa. Da Bascom ya ƙi musayar, sai ya kashe Turawan huɗu. Su kuma soja, ranar 19 ga Fabrairu, suka rataye mazan Apaci shida a jikin itatuwa, ciki har da ɗan'uwan Kocis, suka bar gawarwakin na reto. To amma ina yaron? Ya tabbata daga baya cewa Kocis gaskiya ya faɗa: wani reshe ne daban na Apaci ya ɗauke shi, a can ya girma, har ya zama mai yi wa sojan Amurka tafinta da bin sawu, ana kiransa Mickey Free. Wato yaƙin da ya ci shekara 11 da rayuka masu yawa, an fara shi ne a kan zargin da ba shi da tushe, aka kuma ɗora shi a kan cin amanar baƙon da aka gayyata.

Shekara ɗaya da rabi bayan wannan, lokacin Amurkawa na yaƙin basasa a tsakaninsu, wata runduna daga Kalifoniya ta nufo gabas. Ranar 15 ga Yuli, 1862, 'yan gaba-gabanta suka iso mashigin a galabaice da ƙishirwa, suka tarar Kocis da surukinsa Mangas Koloradas sun jera mayaƙa a bayan duwatsun da ke saman ruwan. Da bindiga da bindiga ne, da wuya sojan su sha. Amma sun zo da igwa biyu, suka yi ta jefa harsasai masu fashewa a kan tsaunin har Apaci suka janye. Kafin watan ya ƙare, ranar 28 ga Yuli, aka fara gina bariki a kan tudun da ke kallon ruwan, aka raɗa masa sunan wani Kanar Bowie. Wannan shi ne asalinsa: ba garin da aka zo karewa, ba jama'ar da ta nemi taimako, ruwa ne aka zauna a kansa don mai shi ya rasa.

Sai dai riƙe ruwa daban, kama mutum daban. Barikin ya yi shekara goma yana tura sintiri cikin duwatsu, Kocis na nan yana yawonsa. Waɗanda aka iya samu su ne waɗanda suka kawo kansu. A Janairun 1863 Mangas Koloradas, tsoho mai kusan shekara 70, ya yarda da farar tuta ya zo maganar sulhu a yankin Niu Meksiko. Aka kama shi, aka kai shi wani bariki, da dare masu gadi suka riƙa gasa banati a wuta suna ɗosana masa a ƙafa, da ya motsa suka harbe shi, aka rubuta cewa gudu ya yi niyyar yi. Aka yanke kansa aka dafa, aka aika da ƙoƙon gabashin ƙasar wai don nazari. A Afrilun 1871 kuma wasu Apaci na wani reshe, waɗanda suka ajiye makami suka zauna a ƙarƙashin kariyar soja kusa da sansanin Grant, aka auka musu da asuba daga garin Tucson, aka kashe sama da 100, kusan dukansu mata da yara. An gurfanar da maharan a kotu, amma cikin minti 19 masu yanke hukunci suka wanke su tas.

A nan ne ya kamata ɗan'uwa mai karatu ya nutsu, domin abin da ke tafe ya fi na baya dabara. Irin su Bascom da masu gasa banati ba su ne suka ci Apaci ba, su ƙara musu taurin kai kawai suka yi. Waɗanda suka ci su mutanen kirki ne. Duk lokacin da bindiga ta gaza, sai a nemo hafsa mai gaskiya, wanda ba ya ƙarya, wanda har Apaci sun shaide shi da cika magana, a tura shi ya yi alƙawari. Shi da zuciya ɗaya yake yi, shi ya sa ake yarda da shi. Amma mai yin alƙawari a daji daban, mai yanke hukunci a Washintan daban, kuma na biyun bai taɓa jin cewa maganar na farkon ta ɗaure shi ba.

Na farkonsu shi ne Janar Oliver Howard, mai hannu ɗaya. A 1872 ya shiga duwatsun Kocis ba tare da runduna ba, bisa jagorancin Tom Jeffords, Baturen da Kocis ya amince da shi. Suka yi kwanaki suna magana. Aka daidaita cewa za a bar wa Cirikawa ƙasarsu, har da mashigin, a matsayin keɓaɓɓen yanki, Jeffords ya zama wakilin gwamnati a wurinsu. Kocis ya riƙe wannan magana a ɓangaren Amurka har ya rasu ranar 8 ga Yuni, 1874, ko da yake wasu samari ba su daina tsallakawa Meksiko kai hari ba. Shekara biyu kacal da binne shi, wasu 'yan tsiraru suka kashe wani Bature mai sayar musu da barasa da abokin aikinsa, sai gwamnati ta samu abin da take nema. A 1876 aka soke yankin baki ɗaya, aka kwashe sama da mutum 300 zuwa San Carlos, wani fili mai tsananin zafi da zazzaɓin cizon sauro, inda aka cakuɗa rassan da ba sa shiri, ana ƙirga mutane kamar awaki, wakilan gwamnati na sace rabon abincinsu. Shekara guda bayan haka aka gano azurfa a Tombstone da tagulla a Bisbee, duk a wannan kusurwa ta Arizona. A 1881 aka yanki gunduma a wurin, aka sa mata suna gundumar Kocis. Sunan ya zauna, jama'arsa kuwa an kore su.

Daga nan ne Jeronimo ya fito fili. Shi ba sarki ba ne, sarautar tana hannun Naice ɗan Kocis. Mayaƙi ne wanda mutanensa suka yi imani yana da asiri, kuma tun lokacin da sojan Meksiko suka kashe masa uwa da mata da 'ya'ya uku kusa da garin Hanos bai sake yarda da zaman lafiya da su ba. Ya gudu daga San Carlos, ya dawo, ya sake gudu. Janar George Crook, wanda ya fi kowane hafsa fahimtar wannan yaƙi, ya gane cewa sojan Bature mai takalmi da kaya niƙi-niƙi ba zai taɓa cim ma mutumin da ke yin tafiyar yini a ƙasa cikin duwatsu da ɗan guzuri a ɗamara ba. Sai ya ɗauki Apaci aikin soja a matsayin masu bin sawu, ana biyansu albashi. Da ya tsallaka duwatsun Siyera Madre na Meksiko a 1883, masu bin sawu 193 ya tafi da su, sojan doki Turawa kuwa ba su kai 50 ba. Su ne suka gano maɓoyar da ake ganin ba mai iya kai wa gare ta.

A watan Mayu na 1885 Jeronimo da Naice suka sake ficewa da mutum kimanin 140, yawancinsu mata da yara. Crook ya mai da Barikin Bowie hedkwatarsa, ya bi su da masu bin sawu, wannan karon har da Cirikawa 'yan uwansu na jini, irin su Cato. A ƙarshen Maris na 1886 aka zauna a wani kwari cikin Meksiko, Crook ya yi musu alƙawarin cewa idan suka miƙa wuya za a kai su gabas na shekara biyu tare da iyalansu, sannan su dawo gida. Suka yarda. Da dare wani mai fasa-ƙwaurin barasa ya shayar da su, ya kuma tsorata su cewa rataye su za a yi, Jeronimo da Naice da 'yan mutane suka sulale. Littattafai da yawa a nan suke tsayawa su ce ga shi nan, Jeronimo ne mai saɓa alƙawari. Abin da suke tsallakewa shi ne, shugaban ƙasa Cleveland da babban hafsan soja Sheridan sun aiko wa Crook ta waya cewa ba su yarda da sharaɗin shekara biyun ba, miƙa wuya ba sharaɗi suke so. Mutum 77 da suka tsaya a kan maganarsu suka biyo Crook zuwa Barikin Bowie, an sa su a jirgin ƙasa zuwa Fulorida ba tare da an gaya musu cewa alƙawarin ya riga ya mutu ba. Crook ya nemi a sauke shi daga aikin, aka sauke shi.

Wanda ya gaje shi, Janar Nelson Miles, ya zo da izza. Ya ce ba ya bukatar masu bin sawu. Aka ba shi soja 5,000, kusan rubu'in sojan Amurka na lokacin, ya jera madubai a kan tsaunuka ana aika saƙo da hasken rana daga dutse zuwa dutse, ya zaɓi ƙarfafan soja ya tura su Meksiko. Duk wannan a kan mutanen da ba su kai 40 ba, har da mata da goyo. Aka yi wata huɗu ana yawo a rana, takalma suka yage, soja suka rame, ba a kama ko mutum ɗaya ba. Da abin ya ishe shi sai ya koma ga tsohuwar dabara. Ya nemo Laftanar Charles Gatewood, wanda Apaci suka sani da gaskiya, ya haɗa shi da Cirikawa biyu, Kayita da Martin, masu dangi a cikin 'yan gudun. Su biyun ne suka hau dutsen da farin ƙyalle a kan sanda, rai a hannu. Da aka zauna, Gatewood ya shaida wa Jeronimo cewa danginsu da ke Arizona duk ana kwashe su zuwa Fulorida, in suna son ganin iyalansu, can za su same su. Wannan magana ce ta karya musu gwiwa, ba igwa ba. Ranar 4 ga Satumba, 1886, suka miƙa wuya ga Miles, bayan ya yi musu alƙawarin haɗa su da iyalansu cikin 'yan kwanaki da ba su ƙasar zama. Aka kawo su Barikin Bowie, ranar 8 ga wata aka fita da su zuwa tashar jirgi, 'yan badujala na busa a filin fareti. Iyalan da aka ce kwanaki, sai da aka shafe sama da wata shida kafin su gan su.

To wa da wa ke cikin jiragen? Wannan ita ce tambayar da ke rusa duk wata hujja ta masu kare Amurka. Sukan ce ai Apaci mahara ne, sun kashe manoma da matafiya, har da mata da yara, dole gwamnati ta kare jama'arta. Babu mai musun cewa Jeronimo ya zub da jinin waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, kuma da yawa daga cikin Cirikawa sun mutu suna jin haushinsa, suna ganin shi ya jawo musu. Amma in hukuncin masu laifi ake nufi, me ya kai kusan mutum 400 da suka zauna lafiya suna noma kusa da Barikin Apaci cikin jirgi? Me ya kai masu bin sawun da suka sa kakin Amurka suka yi mata yaƙi? Cato an gayyace shi Washintan a wannan bazarar, aka rataya masa lambar yabo ta azurfa, a kan hanyarsa ta komawa aka tsare shi, aka wuce da shi kurkukun Fulorida da lambarsa a ƙirji. Kayita da Martin, waɗanda suka yi abin da soja 5,000 suka kasa, su ma aka tura su cikin jirgin, fursunoni. Wanda ya yi faɗa da wanda ya yi biyayya da wanda ya yi hidima, tarago ɗaya ya ɗebe su, domin ba laifi ake hukuntawa ba, ƙasa ake sharewa.

Masu bin sawun nan ba sai an kira su maciya amana ba. Mutane ne da suka ga yaƙin ba mai ciwuwa ba ne, suka lissafa cewa in aka gama da 'yan gudun, za a bar sauran su rayu a ƙasarsu. Kuskuren lissafin shi ne sun jingina da mutum, wato Crook, suna zaton maganarsa ita ce maganar gwamnatinsa. Shi kansa Crook abin ya tsaya masa a rai, ya je ya gan su a inda ake tsare da su a farkon 1890, ya yi ta fafutukar a sassauta musu, ya mutu a watan Maris na shekarar bai ga biyan bukata ba. Gatewood ya mutu a 1896 yana nan a laftanar ɗinsa. Miles kuwa ya zama babban kwamandan sojan Amurka gaba ɗaya a 1895.

Mutum kusan 500 aka tsare. Mutanen tsauni da busasshiyar iska aka cusa su a wani tsohon kurkukun Sifaniyawa a bakin teku, daga nan zuwa Alabama, tarin fuka da zazzaɓi suka yi ta ɗibarsu, cikin shekara uku da 'yan watanni kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun mutu. Yaran kuma aka raba su da iyaye aka kai su makarantar Carlisle a Fensilbeniya, aka aske su, aka canza musu suna, aka hana su harshensu, da yawa ba su dawo ba. A 1894 aka mai da sauran Barikin Sill a Oklahoma. Jeronimo ya tsufa ana yawo da shi wuraren baje koli yana sayar da hotonsa. A 1905 aka sa shi ya hau doki a faretin rantsar da shugaba Roosevelt, ya roƙi shugaban ya bar su su koma Arizona, aka ƙi. Ya mutu a Fabrairun 1909 yana fursunan yaƙi. Shekara biyun da Crook ya faɗa ta zama 27, sai a 1913 aka sake su, yawancinsu a tsare aka haife su. Kimanin 180 suka tafi yankin Meskalero a Niu Meksiko, kimanin 80 suka zauna a Oklahoma. Arizona dai ba a ba su ba.

Sunayensu kam an yi amfani da su. Jirgin yaƙi mai saukar ungulu da ya fara ɓarin wuta a kan na'urorin hangen jirage na Iraƙi a daren 17 ga Janairu, 1991, Apache ake kiransa. A 2011 kuma, da sojan Amurka suka je kashe Usama bin Ladan, kalmar sirrin da suka aika da ita Washintan ita ce Jeronimo, abin da ya sa Apacin Oklahoma suka rubuta wa shugaba Obama suna neman ya ba su haƙuri.

Shi kuwa barikin, da aka kwashe masu ƙasar sai ya rasa abin yi. Ranar 17 ga Oktoba, 1894, soja na ƙarshe suka fita, mazauna yankin suka zo suka ɓalle katako da ƙofofi, ruwan sama ya cinye ginin ƙasar. A wannan shekarar ce kuma aka ba likitan soja Bernard Irwin, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsaya a kan rataye mutum shidan nan na 1861, lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka saboda rawar da ya taka a mashigin. Yanzu wurin yana hannun hukumar kula da wuraren tarihi, mai ziyara yakan ajiye mota ya taka kimanin kilomita biyu da rabi, ya wuce kufan tashar wasiƙu, da inda aka kafa tantin Bascom, da idon ruwan da har yau yake tsiyaya, kafin ya kai ga guntayen bangwaye. A kan hanyar akwai maƙabarta. Gawarwakin soja an tone su tun 1895 an kai su maƙabartar gwamnati a San Faransisko. Daga cikin waɗanda aka bari akwai kabarin wani yaro ɗan kimanin shekara biyu, ɗan Jeronimo, wanda soja suka kamo tare da mata a Meksiko, ya mutu a barikin a Satumbar 1885.